Jakar Hannu Ta Fi Akwatin Tsaraba

Jama'a, mu da neman abinci ya zaunar da mu a Ikko, mun saba idan hutun makaranta na watan Disamba ya zo, sai mu kwashi yara mu kai su Kano su gano kakanninsu. A mota tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, amma a jirgin sama ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Saboda haka mutane da dama suke ɗauka ba ta bukatar wani shiri, sai dai a cika akwatuna da tsaraba. Ni kuwa da na shekara da shekaru ina yin ta da yara uku, a ganina shirin duka yana cikin jakar hannu.

Dalili kuwa shi ne, da zarar an auna akwati an miƙa maka takardarsa, to, kun rabu ke nan sai Kano. Ga shi kuma Disamba tsakiyar hunturu ce, hazo yakan lulluɓe filin jirgin sama na Malam Aminu Kano har matuƙi ya kasa hango titin sauka. Sai a ce fasinjoji su dakata, awa ɗaya da rabi ta koma yini guda a zauren jira na Ikeja. Babba ya iya daurewa, amma ina ruwan ɗan shekara uku da hazo? Shi ya sa uwargidana ba ta barin abinci da tufafin canji da rigunan sanyi su shiga akwati, domin yaron da ya tashi cikin gumin Ikko bai san sanyin asubar Kano ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kunne. Idan jirgi ya fara gangarowa, iskar da ke cikinsa takan ƙara ƙarfi ta danna dodon kunne. Akwai wata 'yar kafa da ta haɗa kunne da maƙogwaro, haɗiyar yawu ko hamma ke buɗe ta har zafin ya lafa. Ta yara ƙarama ce ƙwarai, mura kuwa, wadda hunturu ba ya rasa ta, takan toshe ta. Kukan da kuke ji lokacin sauka ba rigima ba ce, azaba ce. Maganinsa a ba manyan alewa su tsotsa, jariri kuma a ba shi nono, watau kada a ƙosar da shi tun a sama, a bari sai an sanar za a sauka. Na sha ganin matanmu suna ta jijjiga jariri yana tsala kuka, kunya ta hana su shayar da shi a gaban baƙi, alhali babban mayafi ya isa ya raba wannan gardama.

Jaririn da bai cika shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, amma lalle sai an sa sunansa tun wajen sayen tikiti, kuma akan nemi takardar haihuwarsa don a tabbatar da shekarunsa. Ita ma a jakar hannu take kwana, tare da tikitin, tun daren jajiberin tafiya.