Fatoman Jiragen Ruwa

A zauren gidanmu da ke Bebeji na fara jin kalmar fatoma. Kakana ne mai masaukin fatake a unguwarmu, sana'ar da ya gada tun zamanin da Agalawa ke kora jakai zuwa Gwanja neman goro. Baƙo in ya sauka, kakana zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. La'adarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma sunansa shi ne jingina.

Shekaru da dama bayan rasuwarsa, ƙanena ya sami aiki a Legas, a wani kamfanin wakilcin jiragen ruwa. Da ya zo hutun Sallah, mahaifiyarmu ta tambaye shi abin da yake yi. Ya ce tun jirgi bai iso ba, shi ke sanar da hukumar tasha, ya nema masa gurbin tsayawa, ya kai takardar lissafin kaya ga kwastan, ya kira jami'an shige da fice da na lafiya, ya biya kuɗin tasha a madadin mai jirgi, ya tanadi mai da ruwan sha da abinci, ya kai matuƙin da ya kwanta ciwo asibiti. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe dai fatoma ne kai ma. To, me ya hana ka yi kusa da gida?"

Wannan tambaya ce ta kai mu Baro, ta ƙasar Agaie a Jihar Neja. Daga nan aka fara shimfiɗa hanyar dogo a 1907, ta iso Kano a 1911, domin a riƙa sauke kayan Arewa a bakin Kwara, jiragen ruwa su gangara da su teku. Da layin Legas ya haɗu da ita, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai ciniki ya juya wa Baro baya. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar, muka ɗauka gari ya waye.

Mun tarar da sito da injin ɗaga kaya da madogarar jiragen, amma ban da kwalekwalen masunta, ba mu ga komai a kan ruwa ba. Ƙanena ya daɗe yana duban yashin da ya ɓullo a tsakiyar kogi. Ya ce wakilin tashar kogi sai ya san abin da na teku bai damu da shi ba: ruwa na cika wajen Satumba, ya janye da rani, yashi kuma kan sauya mazauni kowace shekara. Wanda ya ce wa mai jirgi ya taho alhali zurfin bai kai ba, ya zubar da sunansa.

A hanyar komowa na riƙa tuna masarar Doguwa da Tudun Wada, da manyan motocin da ke ɗibarta su bi ta Kwanar Dangora ta Kiru, suna ƙona man da manomi ne ke biya a ƙarshe. Na tuna Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas lokacin da wasu ke nan a bayan jaki. Ruwa ba baƙon kasuwancinmu ba ne.

Ƙanena ya koma Legas. Mahaifiyarmu ta tsufa, idanunta sun fara dushewa, amma kowace safiya sai ta sa a share zauren kakana. Duk ranar da ya bugo waya, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Jirgin ya zo Baro kuwa?"