Wiwi ba ya zama abokin hira

A wani ƙauye kusa da Gidan Rumji akwai wani manomi, dattijo. Matarshi ta rasu. Ɗiyanshi maza biyu sun tahi bida, ɗaya Najeriya, ɗaya Libiya. Da rana yana gona, aiki na ɗauke mishi hankali. In dare ya yi, gida shiru, ba mai ce mishi sannu. Barci ya ƙi zuwa. Shekara ukku yana haka.

Ran kasuwa wani saurayi ya ce mishi: "Baba, ga wiwi. A wasu ƙasashe likitoci ke ba da shi." Ya saya. Daren nan ya yi barci. Daga nan sai kullum. Ya riƙa ɗibar hatsi a rumbu yana saidawa. Damana ta zo, ya makara da noman fari, ciyawa ta danne mishi gero. Ya bar zama bakin masallaci don kada a ji warin. Kewa ta ƙaru.

Tari ya kai shi likita. Majo ya saurare shi, ya ce: "Baba, zancen yaron nan da gaskiya kaɗan a ciki. Ƙasar Lesoto a 2017 da Maroko a 2021 sun yarda a noma shi don magani. Amma tace shi ake yi, a auna, a ba yara masu farfaɗiya mai tsanani, ko masu ciwon daji da amai ya dama. Ba a ba da shi don kewa. Nan Nijar kuwa, dokar 1999 ta hana shi. Wanda aka kama, sai kaso."

Dattijo ya yi shiru. Majo ya ce: "Wa kake hira da shi?" Ya ce: "Babu."

Barin wiwi ya ba shi wuya. Kwana da kwanaki bai runtsa ba. Maƙwabcinshi ya ja shi makarantar yaƙi da jahilci. Can ya samu tsaranshi. Ya koyi lambobi, yanzu da kanshi yake kiran ɗiyanshi a waya. Kewa ba ta tahi duka ba, amma ba kullum take kwana gidanshi ba.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku duba unguwarku. Wane gida ne shiru da dare? Ku je ku yi sallama.