Samanja a Shagon Tela

Labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya isa Libreville ta wayar hannu, yadda labaran gida suke isa yanzu. Ya rasu a Kaduna ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023. Kashegari bayan la'asar, ruwan damina ya tsare mutane a rumfunan da ke kewaye da kasuwar Mont-Bouët, kuma a wani shagon ɗinki da ke bayan layin masu yadi, wani dattijon tela ya ɗauke ƙafa daga kan kekensa, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce wa yaran shagon su ajiye almakashi su zo su ga mutumin da aka rasa.

Telan Bakatsine ne. A Kaduna ya koyi sana'a, a shekarun da akwatin talabijin ɗaya mai baƙi da fari yake tara yaran layi guda a tsakar gidan mai hali. A can ya san shirin Samanja Mazan Fama, wanda gidan talabijin na NTA Kaduna ya riƙa nunawa a shekarun 1970 da 1980, aka kuma saurare shi ta Rediyon Kaduna. Daga baya neman abinci ya kawo shi Gabon, lokacin da kuɗin man fetur yake jan masu sana'a daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma. Ya yi aure, ya hayayyafa, har ga jikoki.

Wanda ruwan ya tsare tare da shi ran nan amininsa ne, tsohon malamin makaranta. Shi Bahaushen Gabon ne, haifaffen Oyem da ke arewacin ƙasar. Kakanninsa fatake ne da suka biyo ta Kamaru da hajarsu tun kafin a haifi kowa a shagon, suka zauna cikin mutanen Fang. Da Faransanci ya koyar har ya yi ritaya, Hausa kuwa a bakin mahaifiyarsa ya tsince ta. Sunan Samanja kawai yake ji, bai taɓa ganin shirin ba sai a wannan yammaci, a fuskar wayar da aka jingina da dutsen guga.

Hoton ya dusashe, muryar tana shaƙewa, amma mutumin yana nan yadda telan ya bar shi: kaki, gashin baki, tsawa, da harshen da ke tsalle daga Hausa zuwa Turancin bariki ya dawo. Telan ya yi dariya har ya share ido da bakin hularsa. Yaran shagon suka taya shi, wasu don sun gane, wasu don maigida yana dariya. Malamin bai yi ba. Da aka gama ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma Alhaji, ina da magana a kan wasan nan."

Kafin ya faɗi maganar, telan ya riga shi da yabo, don ya san halin abokinsa. Ya ce abin da ya sa shirin ya zauna a zukatan mutane shi ne ba labarin yaƙi yake bayarwa ba, labarin wurin aiki ne. Bariki ma'aikata ce kamar kowace ma'aikata: akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai jiran albashi, akwai mai zuwa a makare da mai kai tsegumi. Samanja kuwa mutumin tsakiya ne. Hafsoshi suna bisa kansa, kuratu suna ƙarƙashinsa. Idan aka tsawata masa a ofis, ya fito ya sauke a filin fareti, idan ya koma kwata kuma ya tarar da rigimar gida wadda igiyar kafaɗa ba ta kashewa. "Duk wanda ya taɓa zama babban yaron shago ya san wannan kujera," in ji telan. "Maigida ya zage ka a kan ɗinkin da ba kai ka ɓata ba, yara su tsane ka a kan dokar da ba kai ka kafa ba. Ni na zauna a kanta shekara shida. Da na ga Samanja sai na ga kaina sanye da kaki." Ya ƙara da cewa wanda ya yi wasan ba aro ya yi ba, domin Pategi soja ne na gaske, ya sa kaki a zamanin yaƙin basasa, bai tuɓe ba sai 1985.

Malamin ya ce a nan ne maganarsa ta farko take. Ya tuna masa cewa Nijeriya tana hannun soja daga 1966 zuwa 1979, ta sake komawa daga ƙarshen 1983, kuma gidan talabijin ɗin na gwamnati ne. A irin wannan hali, a ganinsa, wasan da yake sa talaka ya yi dariya da soja har ya ƙaunace shi hidima yake yi wa masu mulki, ko da mai wasan bai nufa ba. An bar mutane su yi wa samanja da kofur dariya, amma dariyar tana da rufi, ba ta hawa zuwa inda ake yanke hukunci. Ya nuna titi da haɓarsa. Watanni biyu da rabi ke nan da sojojin Janar Brice Oligui Nguema suka kifar da Ali Bongo, ranar 30 ga Agusta, suka kawo ƙarshen mulkin gida ɗaya da ya faro tun 1967. Malamin ya ga matasa suna rungumar sojoji a kan titi ran nan, kuma har zuwa wannan yammaci dokar hana fita da dare tana aiki. "Ban ce murnar ba ta da dalili ba," ya ce. "Cewa na yi son kaki abu ne mai saurin shiga, mai wuyar fita. Ku an shayar da ku shi da dariya."

Telan bai musa duka ba. Ya yarda cewa shirin yakan rufe da nasiha, irin wadda ake jin ƙamshin ofis a jikinta, kuma yakan maimaita dabara ɗaya har mai kallo ya san inda za a faɗi kafin a yi tuntuɓe. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce tsoron soja shirin ya ƙara wa mutane. Ya ce bayan an gama yaƙi a 1970 garuruwa sun cika da sojoji, farar hula kuma idan ya hango kaki sai ya canza hanya. Ranar da yaro ya ga soja a talabijin ana binsa bashi, ana yi masa gardama a cikin gidansa, ran nan ya gane cewa mutum ne a cikin rigar. Wanda ka taɓa yi wa dariya, in ji shi, ba ka ƙara ɗaukarsa dodo. Malamin ya ce wanda ka saba yi wa dariya kuma ba ka ƙara tuhumarsa. Suka tsaya a nan, kowa da rabin gaskiya a hannunsa, aka kawo shayi.

Magana ta biyu ita ce ta harshe, kuma ita ce ta fi zafi. Hausar da ake ji a irin wannan wasa tana da suna da tarihi: Barikanci. Tun daga rundunar da Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa, zuwa rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897, Hausa ce harshen da Turawan Ingila suka ɗauka don ba da umarni ga sojojin da suka fito daga ƙabilu barkatai. Bature ya koye ta don cin jarrabawa, Batibi da Bazabarme da Ba'angashe suka koye ta don cin abinci. A wannan tukunya aka dafa kalmomin da yau ba wanda yake jin baƙuncinsu: soja, bariki, hafsa, kurtu, kofur, saje, kyaftin, manjo, fareti, gadirum, da shi kansa samanja. Amma tukunyar da ta ba Hausa waɗannan kalmomi ta kuma sauƙaƙa nahawunta. A Barikanci jinsi yakan faɗi, a ce "mata ya zo". Haruffa masu ƙugiya sukan miƙe, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Karin sauti ya baje. Mai nazarin harshe yana ganin wannan a matsayin abin da yakan sami duk harshen da ya zama na kasuwa da sansani. Mai kallo a tsakar gida kuwa abin dariya yake ji.

"To wa ake yi wa dariyar?" in ji malamin. Ya ce shi kunnensa bai ji wani abin dariya ba a maganar da ta sa yara suka kwashe, domin kusan haka ake magana a gidan da ya tashi. A Oyem ba bariki ce ta lanƙwasa musu harshe ba, nisa ne da zama cikin Fang da Faransanci. Sai ya ba da labarin da bai taɓa ba abokinsa ba cikin shekaru talatin. Sau ɗaya ya je Kano, neman unguwar da aka ce kakansa ya fito. A wata rumfa ya buɗe baki ya yi tambaya, mai rumfar ya kira maƙwabcinsa ya ce ya zo ya ji Hausar wani bawan Allah. Ba da mugunta suka yi ba, har ruwa suka ba shi. Amma ya ƙarasa kwanakinsa a garin kakansa yana magana da hannu da guntun Turanci, don kada a sake kiran wani ya zo ya ji.

Telan ya yi shiru kaɗan, sannan ya jawo hujjar da yake ganin ba ta da amsa. Ya ce ai shi kansa Pategi ba Bahaushe ba ne, Banufe ne daga garin Pategi a bakin Kwara, ɗan gidan sarauta. Mutumin da Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da aka fi sani a wasan Hausa, kuma a cikin wasan ba shi ne wawa ba, shi ne mai gida, shi ake kawo wa ƙara. "Kuma ni Bakatsine ne," ya ce yana murmushi. "Tsakanina da Banufe wasa ne tun kaka da kakanni. In na yi masa dariya, haƙƙina na karɓa."

Malamin ya ce ya yarda da wasan Katsinawa da Nufawa, kamar yadda ya yarda da na Fulani da Barebari, da na jika da kaka. Amma kowane ɗayansu yana da sharaɗi guda: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Banufe yana mayar wa Bakatsine magana, a tashi ba wanda ya bi wani bashi. Pategi ma ya rama, tun da shi ya riƙe dandalin, da harshensa ya ci abinci ya yi suna. Sai ya juya ya dubi ƙuryar shagon, inda wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu yake zaune yana warware zare. "Wancan fa, Alhaji? Da me zai rama?"

Jikan telan ne, haifaffen Libreville. Makarantarsa da Faransanci, wasansa da Faransanci, Hausa kuwa sai a gida, kuma takan fito masa a karkace. Tun yana ƙarami, duk lokacin da ya ce "Inna ya tafi kasuwa", kakan yakan ƙame ya sara masa ya ce, "Samanja mazan fama!" Gida ya kwashe da dariya. Sunan ya bi shi har shago. Abin da kakan bai lissafa ba, malamin ya lissafa masa: kusan shekara biyu ke nan yaron bai haɗa jimla guda ta Hausa a gaban manya ba. A yi masa magana da Hausa, ya amsa da Faransanci, a taƙaice, kansa a ƙasa. Telan ya sha yin ƙorafi a masallaci cewa yaran yanzu sun watsar da harshen iyayensu.

"Wasan jika ne," in ji telan, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ya so ba.

Ba a kashe gardamar ba. Telan bai fasa ganin cewa Samanja Mazan Fama gwanin wasa ne da ya nuna wa mutane wahalar mai matsakaicin muƙami fiye da yadda wani littafi zai nuna ba, kuma har gobe idan aka kunna zai yi dariya. Malamin bai janye cewa wasan ya tsaya inda masu mulki suka yarda ya tsaya ba. Abin da ya sauya ƙarami ne. A kan harshe, sun gano cewa ƙarar da malamin ya shigar ba Kaduna za a kai ta ba, domin mamacin ya yi nasa ya wuce, kuma Barikancin da ya adana a faifai dukiya ce ga mai nazari. Wanda ake ƙara yana zaune a kan keken ɗinki a bayan Mont-Bouët.

Ruwa ya tsagaita gab da magariba. Malamin ya naɗe ƙafar wandonsa ya fita neman tasi tun dare bai yi ba. Yara suka shiga tattara yadi. Telan ya daɗe yana goge allurar da ba ta bukatar gogewa, sannan ya kira jikan da sunansa na yanka, wanda ya kwana biyu bai kira ba, ya tambaye shi da Hausa ko uwarsa ta dawo daga Owendo.

Yaron ya ɗaga kai ya dubi yaran shagon, ya dubi kakansa. Ya ce, a hankali, "Ya dawo tun rana."

Wani daga cikin yaran ya fara murmushi. Telan ya harare shi har murmushin ya koma ciki. Sannan ya ce, "To madalla. Ɗauko mana makulli mu rufe, ka ba ni labarin makaranta a hanya."