Kebbe: Inda Reshen Bishiya Ke Zama Filin Wasa

Mai zuwa Kebbe daga Sakkwato zai bi ta Boɗinga da Shagari, ya yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Tambuwal, sannan ya saki babban titin Jega. Ƙaramar hukumar tana kudancin jihar, tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi. Ƙasar noma ce. Da muka ratsa ta a hutun da ya wuce, gero da dawa muka riƙa gani a tudu, shinkafa kuma a fadama.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu yaran garin ne. Da la'asar sakaliya sai ka gan su a filin makaranta, wasu na alkafura, wasu sun maƙale a ƙarfen ragar ƙwallo ko reshen dalbejiya suna lilo. Mun ga wanda ya saƙala ƙafafunsa a ƙarfe, kansa na reto ƙasa, ya juya ya diro tsaye. Tafi ya kaure. Babu malami a wurin, ƙasar kuwa ta bushe ƙamas.

Wannan wasa har a gasar Olamfik ana yin sa. Can ƙarfen maza yana kai tsayin kusan mita 2.8, amma akwai katifa mai kauri a ƙasa, ana shafa farar hoda a hannu don kada gumi ya sa santsi, koci kuma yana tsaye kusa. Duk da haka, a 1980 Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta taɓa zama zakarar duniya, ta karya wuya wajen atisaye, ba ta sake tafiya ba har ta rasu a 2006. A gasar Tokyo ta 2021, Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasanni da dama saboda ta daina gane inda jikinta yake idan tana juyi a sama. Idan gwanaye na tsoro, ina ga mai koyo?

Ku sani, ƙashin yaro yana da wuri mai taushi kusa da gaɓa, inda yake ƙara tsawo. Faɗuwa a kan miƙaƙƙen hannu na iya karya shi a gwiwar hannu ko wuyan hannu. Ɗauri mai tsanani kuma yana hana jini gudu, har a rasa hannun. Ƙarfen raga da ba a kafa da kyau ba yana iya kifowa kan mutum.

Ba cewa muke ku daina ba. Ku fara da ƙarfen da bai wuce ƙirjinku ba, ku girgiza shi tukuna, ku zuba yashi mai yawa a ƙasa. Kada ku gwada sabon juyi sai malamin wasanni yana riƙe da ku. Idan wani ya faɗi ta ka, yana kukan wuya ko ƙafafunsa sun mutu, kada ku ɗaga shi. Ku kira manya da ma'aikacin lafiya.

Baiwa tana nan a Kebbe. Abin da ya rage shi ne makarantu su ware wuri da lokaci, su sa malami ya tsaya a kai.