Kafin a fara taka leda: sunan koci da kayan da muke ɗora masa

1/ Na rubuta wannan zaren ne a 2025, saura kwanaki kaɗan a fara Firimiyar 2025/26, amma tuni an gama raba kofi da baki. Wannan ya ce Slot, wancan ya ce Guardiola zai dawo da ƙarfinsa, mu 'yan Arsenal kuma muna ta "bana tamu ce" kamar kullum. Ku ɗan ba ni aron kunnenku, akwai abin da ke damuna game da yadda muke auna koci. 🧵

2/ Abin da na lura da shi: a watan Agusta da suna muke auna koci, a watan Mayu kuma da burin da muka ɗora masa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun yi aiki kusan iri ɗaya, a ɗaga ɗaya sama, a kori ɗayan. Bari in kawo misalai, don kar a ce surutun ɗalibi ne kawai.

3/ Ranieri. A 2014 ƙasar Girka ta sallame shi bayan Tsibiran Faro sun ci su har gida. Da Leicester ta ɗauke shi a 2015, dariya aka yi ta yi. Kulob ɗin da ya ƙare na 14, ga koci da ake ganin ya gama yayi. A 2016 ya ɗaga kofi da tazarar maki 10.

4/ To saurari ƙarshen labarin. Fabrairun 2017, wata tara kacal bayan wannan abin mamaki, Leicester ta kore shi. Mutumin dai shi ne, ilimin ƙwallonsa bai ragu ba. Ma'aunin ne ya canza. Jiya ana roƙon kar a faɗa rukuni na biyu, yau ana kallon sa a matsayin zakara.

5/ Mourinho ma haka. Ya ci Firimiya da Chelsea a Mayun 2015, kafin ƙarshen Disamba an nuna masa ƙofa. Di Matteo ya kawo musu kofin Zakarun Turai na farko a 2012, bai kai ƙarshen shekarar ba. Tuchel ya kawo na biyu a 2021, aka sallame shi a Satumban 2022. Kofin bara ba ya biyan bashin bana.

6/ Na kusa-kusa: Postecoglou. Shekara 17 Tottenham ba ta ɗaga kofi ba, ya zo ya ci musu Europa a kan Man U a Bilbao. Amma a lig ya ƙare na 17, an ci shi wasa 22. Makonni kaɗan bayan bikin aka kore shi. Ya yi nasara ko ya gaza? Amsarka tana ga abin da ka sa rai tun farko.

7/ Yanzu juya ta ɗaya gefen. Bara da Klopp ya tafi, wa ya sa rai da Slot? An ce daga Feyenoord ya zo, bai san zafin Ingila ba, kuma Chiesa ne kaɗai sabon da ya shigo cikin 'yan wasansa. Babu mai matsa masa. Ya ci lig saura wasa huɗu, kofi na 20 ga Liverpool.

8/ Bana fa? An saya masa Wirtz da maƙudan kuɗi, kowa ya zuba masa ido. Idan ya ƙare na biyu, za ka ji ana cewa dama ƙungiyar Klopp ce ta ɗauke shi. Matsayin da bara za a yi masa tafi a kai, bana shi za a zage shi a kai. Ka ga nauyin suna ke nan.

9/ Bari in taɓo namu. Arteta ya zo a Disamban 2019, ya ci kofin FA a 2020, ya ƙare na 8 sau biyu, sai na 5. A lokacin da an ce mana za mu yi na biyu sau uku a jere, wallahi da rawa za mu taka. Ga shi mun yi, har da maki 89 a 2024, amma yau kunyar faɗa muke ji a gidan kallo.

10/ Kuma ban ce kar a matsa masa ba. An kashe kuɗi, an kawo Gyökeres da Zubimendi, uzurin rashin ɗan gaba ya ƙare. Ni kaina kofi nake so. Abin da nake cewa shi ne mu san cewa shi ya ɗaga burin namu da hannunsa, kuma da wannan burin za mu yanke masa hukunci.

11/ Kwatanta da Glasner. Crystal Palace ta ƙare ta 12, ta ci Man City 1-0 a wasan ƙarshe na FA, babban kofinta na farko a tarihi. Gwarzo ne a wurinsu. Guardiola ya ƙare na 3, bayan ya ci lig sau huɗu a jere, amma ana ta cewa ya tsufa. Na 3 ya gaza, na 12 ya burge.

12/ 'Yan Man U, ban manta da ku ba. Amorim ya zo da suna, ya ci lig sau biyu da Sporting, ya ƙare na 15. Kullum kuna kawo Ferguson: ya zo a 1986, bai ci lig ba sai 1993. Gaskiya ne. Amma ku faɗa min, a cikinku wa zai iya haƙurin shekara bakwai yau? Wata bakwai ma da ƙyar.

13/ Me ya sa na damu? Don abin ya wuce musu. Na ga abokai sun daina gaisawa saboda koci. Na ga ɗalibi ya zuba kuɗin abincinsa na wata a caca don "ai Pep ba ya faɗuwa sau biyu". Suna yana gaya maka abin da mutum ya yi jiya. Raunin ɗan wasa a watan Nuwamba fa, wa ya san shi?

14/ Ga abin da nake dubawa kafin in sa rai: 'yan wasa nawa yake da su a benci idan manya suka ji ciwo? Yana buga Turai a tsakiyar mako ko yana hutawa? Shi ya zaɓi waɗanda aka saya ko ɗora masa aka yi? Masu kulob ɗin suna da haƙuri? Waɗannan sun fi tarihin kofunansa faɗa min gaskiya.

15/ Don haka ga ƙalubale. Kowa ya rubuta a ƙasa: kulob ɗinsa, matsayin da zai gamsar da shi, da abin da zai sa ya ce a kori koci. Yanzu, kafin a buga wasa ko ɗaya. Nawa: Arsenal, lig ko Zakarun Turai, in babu ko ɗaya a sake zama. Zan ajiye zaren nan, mu haɗu a watan Mayu.