Telan Chereponi da Sumarsa

Kalmar suma tana cikin kalmomin da ke ɗana wa ɗalibin Hausa tarko, domin a rubuce ɗaya ce, ma'anarta kuwa biyu. Akwai suma ta gashin kai, wadda tamace ce, shi ya sa ake cewa sumar kansa ta yi yawa. Akwai kuma suma na gushewar hankali, wanda namiji ne, kamar a suman zaune. A Kano ko Zariya jinsi ya isa ya raba su. A zangunan Gana kuwa, inda Hausar yau da kullum ta daɗe da sakin bambancin namiji da tamace, har a ji an ce mace ya zo, kalmomin biyu sun kusa haɗewa. Shi ya sa yaran wata unguwa a Chereponi suka sami abin tsokana: idan suka ce suman tela ya yi tsawo, ba a rasa wanda zai tambaya ko an yayyafa masa ruwa.

Chereponi gari ne a Yankin Arewa maso Gabas na Gana, dab da iyakar Togo, ba nisa da kogin Oti. Mafi yawan mutanensa Anufo ne, waɗanda ake kira Cakosi, sai Konkomba da Bimoba da sauransu. Hausawa tsiraru ne a nan, kuma hanyar goro ce ta kawo kakanninsu: ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina, ya ratsa ta Sansanin Mango, wanda yanzu yake cikin Togo, ya bi ta Yendi ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar da ya ci Salaga a 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa garuruwa da dama. Dangin telan nan suna cikin waɗanda suka watsu. Yayansa yana Yendi, gwaggonsa ta ƙarshe tana Salaga, shi kuma yana nan da kekensa na ɗinki a bakin kasuwa. Zumunta mai nisa irin wannan tana da dogon kunne, abin da aka yi a gari ɗaya kafin sati ya kai sauran.

Shekarunsa 48. Har ya kai 41 bai taɓa ganin gashin kansa ba. Tun askin suna, ran da ya cika kwana bakwai a duniya, aska ba ta bar kansa ya wuce mako biyu ba, ƙwal ake yi masa, irin askin da kowane yaro a Gana ya sani da sunan sakora. Wata damina wanzaminsa ya kwanta ciwo, Juma'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, aiki kuma ya yi masa yawa. Da ya cire hula wata safiya gaban madubin da masu gwada riga ke dubawa, sai ya ga abin da bai san yana da shi ba: gashi mai laushi, mai nannaɗewa, da zaren furfura jefi-jefi. Ya burge shi. Da wanzami ya warke ya zo da zabirarsa, sai ya ce a gyara masa gemu da saje, a bar kan tukuna. Wannan tukuna ita ce ta kai shekara bakwai. Yanzu idan ya taje gashin yakan sauko masa kafaɗa.

Harshe ya riga mutanen unguwa yanke masa hukunci. Idan mace ce, sai a ce tana da gashi, ko Allah ya ba ta gashi har gadon baya, kamar yadda ake faɗin arziki. Idan namiji ne, sai a ce ya tara suma, da aikatau ɗin da ake tara shara da shi, ko a ce ya bar suma, wato ya yi sakaci da abin da ya kamata a kawar. In abin ya cukurkuɗe a ce ya yi gizo. Kalmomin gyaran gashin mace suna da yawa, kitso da tsifa da taza, da sunayen salo irin su shuku da doka da zane. Na namiji kusan duk a kan ragewa suke, aski da saisaye. Ga yaro akwai tukku da zanko, amma waɗannan ana barinsu tare da ƙuruciya. Babu wata kalma ta yabo da Hausa ta tanada wa magidanci mai furfura wanda gashinsa ya sauko kafaɗa, kuma wanda harshe bai tanada wa suna mai kyau ba yakan sha sunaye marasa kyau.

Ya sha su kuwa. Samari suka fara kiransa Rasta, suna ɗaga masa hannu da murna, wanda hakan ya fi zagi yi masa ciwo. Matan unguwa suka ce iskoki ne suka hana aska ta taɓa shi, wata ma ta rantse ta san irin wannan a danginsu. Gwaggonsa ta aiko daga Salaga cewa in alwashi ya ɗauka, ya faɗa a taimaka masa ya cika a huta. A 2019, lokacin da rikicin fili tsakanin Anufo da Konkomba ya sa aka kafa dokar hana fita a Chereponi, an taɓa sa shi ya cire hula a wani shingen bincike, da aka ga gashin sai aka tambaye shi ina shanunsa. A arewacin Gana, a ɗauki mutum a matsayin Bafillatanin daji ba ƙaramin abu ba ne, domin zargi yakan riga bincike isa kansu. Ya nuna katinsa, ya yi magana da harshen Anufo, aka sake shi.

Matarsa tana da nata bayanin, kuma ya fi na kowa taushi. A shekarar da ya bar aski, a shekarar ce aka sausaye kan 'yarsu ta fari domin shiga sakandaren kwana, kamar yadda yawancin makarantun gwamnati a Gana suke bukata ga 'yan mata. Yarinyar ta yi kuka kwana biyu. Uwar ta yi imani cewa uban ya riƙe nasa ne a madadin nata. Ta taɓa faɗa masa haka, ya yi murmushi ya ce, "Ke dai kina son ki mai da ni mutumin kirki." Bai ce e ba, bai kuma ƙara cewa komai ba.

Duk waɗannan bayanai, na ƙauna da na ƙiyayya, abu ɗaya suke nema: dalili. Jama'a a shirye take ta ɗaga wa mutum ƙafa in yana da lalura, ko alwashi, ko aƙida, ko da aljani ne. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne amsar da telan yake bayarwa duk lokacin da aka matsa masa, wato yana son abinsa. A wurin dattawan zango, so ba hujja ba ce ga mai shekara arba'in da ɗoriya. So na yara ne da amare. Magidanci da dalili yake aiki, kuma kansa ma ba nasa ne shi kaɗai ba, tunda 'ya'yansa da surukansa da shi ake auna su.

Akwai ƙofa ɗaya da aka buɗe masa a fili ya ƙi shiga. Wasu matasa masu karatu suka zo shagonsa suka ce ai abin da yake yi sunna ce. Ba su yi ƙarya ba a kan asalin maganar. Littattafan hadisi sun siffanta gashin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa yakan kai fatar kunne, wani lokaci ya kai kafaɗa, kuma Shama'il na Imam Tirmizi ya ware babi a kan haka. Larabci ma yana da sunaye ga kowane tsawo, wafra da limma da jumma. Da telan ya ce don koyi ya bari, da bakin mutane da yawa ya mutu. Sai ya ce musu shi bai bari don haka ba, kuma ba zai jingina wa Annabi abin da ya yi don jin daɗin ransa ba. A nan ne halinsa ya fi fitowa. Taurin kai ne, babu shakka, amma taurin kan wanda ya ƙi sayen sauƙi da ƙarya.

Limamin masallacin unguwa, wanda telan yakan tsaya masa a sallar asuba in ya yi tafiya, ya kira shi gefe wata rana. Ya yi masa magana ta ilimi: malamai da yawa suna ɗaukar tsawon gashi a matsayin al'ada, kuma sun ƙi mutum ya fita daban da mutanen garinsa har a riƙa nuna shi da yatsa. Telan ya ce, "Allah gafarta Malam, alwalata tana da gyara?" Liman ya ce babu, muddin yana shafar kan duka har abin da ya sauko, kamar yadda Malikawa suke yi, kuma yana kai ruwa tushen gashi a wankan janaba. "To sallata fa?" Liman ya ce ita ma lafiya lau. Suka yi shiru. Da liman ya tashi tafiya ta gaba, wani ya sa ya ja sallar. Ba a taɓa ce wa telan an cire shi ba, ba a kuma sake kiransa ba.

Ko kotu ma dalili ta nema. A 2021 makarantar Achimota da ke Akara ta ƙi karɓar wasu ɗalibai biyu 'yan Rasta sai sun yanke gashinsu. Ran 31 ga Mayu na shekarar, Babbar Kotu ta yanke hukunci cewa a karɓe su, ta dogara da 'yancin addini da 'yancin neman ilimi. An yi ta muhawara a rediyo har a shagunan Chereponi, wasu suka riƙa ce wa telan ga 'yan'uwansa sun ci shari'a. Shi ya ga abin daban. Yaran sun ci ne domin gashinsu yana da addini a bayansa. Nasa ba shi da kowa a baya sai shi.

Maganar ta kai inda take da zafi lokacin da aka zo neman auren 'yar tasa. Manemin ɗan wani gida ne na 'yan kasuwa a Bawku, kuma kamar yadda aka saba, danginsa suka aiko a bincika asali da hali. Ba a sami abin faɗa a kan yarinyar ba, ba a samu a kan uwarta ba. Aka koma da labari ɗaya: uban yana tara suma. Yayansa, wanda shi ne zai ba da auren bisa al'ada, ya hau mota daga Yendi ya zo takanas. Ya ce masa, "Gashi ne fa. In ka aske, wani zai fito." Telan ya ce, "Yaya, in gashi ne kawai, me ya taso ka daga Yendi?" Yayan ya ce saboda mutane. Ya ƙara da cewa shi ba ya jin kunyar ƙaninsa, amma ba zai so a fasa auren yarinya a kan abin da aska za ta gama kafin shayi ya huce ba.

Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a ɗauke ta da wasa. Wanda ya riƙe ra'ayinsa ya biya da aljihunsa, an san da zamansa. Wanda 'yarsa za ta biya masa, nasa lissafin daban ne. Telan ya san haka. A daren ya kira yarinyar ya ce mata in ta ce ya aske, gobe da safe zai aika a kira wanzami, kuma ba zai riƙe ta a zuci ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Baba, ni an taɓa yi mini, na san yadda yake." Ba ta ce ya bari ba, ba ta ce ya aske ba, ta tashi ta koma ɗakin uwarta. Ana iya cewa bai kyauta ba da ya ɗora mata wannan kaya, domin 'yar Hausa ba ta iya duban ubanta ta ce ya aske kansa. Ana kuma iya cewa ita kaɗai ce a duk dangin aka tambaya maimakon a yi magana da sunanta.

Mutanen Bawku suka ja ƙafa har damina ta wuce, aka girbe waken soya, aka shiga hunturu. Daga baya wani dattijo daga cikinsu ya zo da kansa, ya zauna a shagon rabin yini yana kallon yadda mutane ke shigowa da fita, da yadda telan ke mayar wa mai riga ragowar yadinsa. Bai tambayi gashi ba. Aka sa rana. A wurin ɗaurin aure telan ya sa hular saƙi mai taushi irin ta Dagombawa, wadda ake karyawa gefe, da ya ɗinka wa kansa da faɗi domin hulunan kasuwa sun daina shiga kansa. Ya tura gashin ciki, ya zauna a sahu na biyu bayan yayansa. Wasu daga cikin baƙi sun koma gida ba su san wanne ne uban amarya ba.

Kulawar tana nan yadda take. Ran Juma'a yakan wanke da sabulun salo, ya shafa man kaɗanya, ya bi da mataji mai manyan haƙora, a lokacin hunturu kuma sai ya ƙara da Talata saboda ƙura. Wanzamin yana zuwa har yanzu domin gemu da saje, kuma shi ne ya fara lura da cewa tsakiyar kan ta soma yin fili. Ya taɓa wurin da yatsa ya ce, "Maigida, askin da ka hana ni, ga shi an fara yi maka daga sama." Telan ya sa aka riƙe masa madubi biyu ya duba. Ya ce a bar na gefen tukuna.