Ina Marubuta Ke Samo Labarinsu?

 Abin da zan faɗa ya fara ne da wata kunya da na sha a aji huɗu, wadda har yau in na tuna ta sai in sunkuyar da kai.

A zangon farko na wannan shekarar, malaminmu na Hausa ya ce kowa ya rubuto ƙagaggen labari mai shafi huɗu. Ni kuwa a lokacin ina ganin marubuta wasu mutane ne dabam, waɗanda labari yake sauko musu daga sama kamar ruwan damina. Na zauna dare biyu a wurin karatun dare ina cizon biro, ko layi ɗaya bai sauko mini ba. A dare na uku sai na shiga laburare, na ɗauko wani tsohon littafin Turanci da na tabbata babu mai buɗe shi, na juya wani labari daga ciki zuwa Hausa. Na canja sunayen mutane, amma na bar komai yadda yake, har da dusar ƙanƙara da take zuba a kan rufin gida.

Da aka dawo mana da takardunmu, tawa ba maki. Malam ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin dusar ƙanƙarar, ya rubuta cewa in same shi a ofis. Na tafi jikina yana rawa, don na san hukuncin satar amsa a makarantar nan. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a wane gari ka taɓa ganin dusar ƙanƙara?" Na yi shiru. Ya ce, "A ƙauyenku ba a yin hunturu ne?" Na ce ana yi. Ya ce, "To, me hunturu ya yi maka da ka ƙi shi?" Bai kai ni gaban shugaban makaranta ba. Ya buɗe durowa ya miƙo mini Magana Jari Ce, ya ce in karanta, in kuma binciko inda mai littafin ya samo labaransa, sannan in dawo mu yi magana.

Abin da na binciko ya ba ni mamaki ƙwarai. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan lokaci ne kuma aka samu Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Imam yana da shekara 22 kacal a lokacin gasar, wato bai girmi waɗansu yayyenmu ba.

Bayan haka aka kira shi Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe iri-iri, na Larabci da na Turanci, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fara fitowa a 1937. Waɗansu labaran tushensu Dare Dubu da Ɗaya ne, waɗansu daga tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tattara. Ko dabarar nan ta aku mai ba da labari don ya tsare mutum a gida, tsohuwa ce a littattafan Indiya da Farisa.

Da na ga haka sai na yi murna, na koma ofis da ƙarfin gwiwa na ce, "Malam, ashe shi ma Imam ɗin ɗauka ya yi!" Malam ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce in nuna masa dusar ƙanƙara ko ɗaya a cikin littattafan uku. Na rasa. Ya ce in duba fadar sarkin da ke cikin littafin, da waziri, da fadawa, da yadda ake faɗuwa gaisuwa, da karin maganar da ke kan labarai da yawa, in gaya masa ko akwai abin da Bahaushe zai ce baƙo ne. Ya ce Imam ya aro iri ne, ya shuka a gonarsu, ya yi noma da guminsa, abin da ya girba kuwa dawar Hausa ce. Ni kuwa na shiga rumbun wani na ɗauko dami, har da igiyar mai shi a jiki. A ranar na gane bambancin aro da sata. Mai aro ba ya ɓoye inda ya aro, kuma yana zuba nasa a ciki, abin da ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa.

Daga nan sai na kamu da son sanin yadda littattafai suke samuwa. Na tambayi malamar Turanci labarin Things Fall Apart da muke karantawa. Chinua Achebe, wanda aka haifa a Ogidi a 1930, ɗan mai koyar da bishara ne, ya tashi a gidan masu bi kamar yawancinmu, amma yana da dangi masu bin addinin gargajiya, kuma mahaifiyarsa da yayarsa sun cika masa kunne da tatsuniyoyin Ibo. Yana jami'a a Ibadan ya karanta Mister Johnson, littafin da Joyce Cary, wani tsohon jami'in mulkin mallaka, ya rubuta a kan wani akawu a Arewacin Nijeriya. Turawa suna yabon littafin, shi kuwa Achebe bai ga mutumin da ya sani a ciki ba. Wannan ɓacin rai yana cikin abubuwan da suka sa ya ɗauki alƙalami don ya ba da labarin mutanensa daga cikin gida. Ya aika da rubutun hannunsa, kwafi ɗaya tak da yake da shi, zuwa Landan don a buga masa da tafireta, aka yi watsi da shi wata da watanni, sai da wata shugabarsa a gidan rediyo ta je ta matsa musu, sannan suka aiko masa da shi. Littafin ya fito a 1958. Da ya ɓata a can, da duniya ba ta san Okonkwo ba.

Fastonmu kuma, da ya ji abin da nake bincike, ya ba ni labarin John Bunyan na Ingila. Mai gyaran tukwanen ƙarfe ne, ba shi da ilimi mai zurfi. An kulle shi a kurkukun Bedford a 1660 saboda yana wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya yi shekara 12 a ciki. Da ya yi alkawarin daina wa'azi da an sake shi, ga iyali a gida har da 'yarsa makauniya, amma ya ƙi. Daga wannan zama ne The Pilgrim's Progress ya fito, aka buga shi a 1678: labarin mutum mai nauyin kaya a baya, yana neman hanyar birnin sama, yana faɗawa cikin taɓo, yana gamuwa da masu ruɗi. Bunyan bai je ko'ina neman wannan labari ba. Shi kansa ya daɗe yana fama da nauyin zunubi da shakka, Littafi Mai Tsarki kuma yana hannunsa kullum. Fasto ya ƙara da cewa in buɗe farkon Bisharar Luka. Na buɗe, na ga ko Luka ya bayyana cewa sai da ya bi diddigin al'amuran a hankali, daga abin da shaidun gani da ido suka ba da, kafin ya rubuta su bi da bi.

To, jama'a, Imam karatu ne ya ba shi iri, Achebe ɓacin rai, Bunyan wahala, Luka kuwa tambaya. Amma dukansu abin da ke kusa da su suka kama, suka kuma zauna suka yi aiki. Sai na tambayi kaina, ni mene ne ke kusa da ni?

Da muka tafi hutun Kirsimeti na sami amsa a zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu, tana gyaran wake. Kakata ce. Tun ina ƙarami take ba mu labari, ni kuwa da na shiga sakandare sai na daina zama, ina ganin na wuce nan. Wannan karon na sayi sabon littafin rubutu na je na zauna gabanta. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma mai gidan nawa me ya kawo shi? Ko kuɗin cefane ka kawo?" Na ce labari na zo nema. Ta ce ai labari ba a ba mai gaggawa, in ɗauki tire in taya ta tsince wake.

Ta ba ni labarin farin 1973, shekarar da damina ta ƙi, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta mutuwa. Lokacin tana da goyon babana. Kakana ya hana kowa taɓa rumbu sai shi, yana auna abin da za a ci kullum. A bayan gari kuwa akwai wata Bafulatana da suka saba cinikin nono, shanunsu sun ƙare, 'ya'yanta suna kwana da yunwa. Sai Kaka ta riƙa tashi tsakar dare, ta hau tsani, ta zare 'yan zangarniyoyin dawa, ta ɓoye a ƙarƙashin tulu, da safe ta kai mata a hanyar rafi. Kullum gabanta yana faɗuwa, tana addu'a Allah ya gafarta mata satar da take yi wa mijinta. Sai bayan shekaru ta lura da wani abu. Kakana mutum ne da ba ya barin ko fartanya a waje, amma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ɗauke tsanin daga jikin rumbu ba. Har ya rasu, shi bai ce ya sani ba, ita ba ta tambaye shi ba.

Na rubuta shafi 11 a cikin kwana huɗu. Na sake rubutawa sau uku, don duk lokacin da na karanta mata sai ta ce, "A'a, ba haka na faɗa ba, ka sa mini maganar 'yan boko a baki." A nan na koyi cewa gyara ya fi rubutun farko wuya. Ta ce akwai saura, wato yadda Bafulatanar ta dawo garin bayan shekara bakwai da abin da ta zo da shi, amma sai na dawo hutun Ista za ta ƙarasa mini. Ina da damar in matsa mata, ban matsa ba, don abokaina suna jirana a filin ƙwallo. Ana saura mako biyu a ba da hutu aka zo makaranta aka gaya mini Kaka ta huta. Na tambayi babana da gwaggona, babu wanda ya san ƙarshen labarin. Su ma ba su taɓa jin zancen tsanin ba sai a bakina.

Na kai wa Malam shafuffukan yadda suke, ba ƙarshe. Ya karanta a tsaye, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan naka ne." Ya ce in ga dama in ƙaga masa ƙarshe, tunda haka marubuta suke yi. Har yanzu ban iya ba, amma littafin yana cikin akwatina, kuma na yi niyya.

Saboda haka, ya ku ƙannena da za mu bari a makarantar nan, kada ku jira labari ya sauko muku daga sama. Ku karanta duk littafin da hannunku ya kai gare shi, don wanda bai karanta ba ba shi da irin shuka. In kun ara, ku faɗi inda kuka aro, ku kuma yi naku noman. In kun je hutu, ku zauna gaban tsofaffinku da biro da takarda, ku tambaye su yadda bishara ta shigo garinku, wa ya fara gina majami'a, yaya aka ci shekarun yunwa. In sun ce sai gobe, ku roƙe su su ƙarasa yau. Iyayenmu na ikilisiya kuma, muna roƙo ku riƙa haƙuri da tambayoyinmu, ku buɗe mana baki. Mun san misalin da Ubangijinmu Yesu ya ba da na bawan da ya binne talantinsa a ƙasa, mun kuma san abin da maigidansa ya ce masa.

Ga Malam, wanda ya zaɓi ya ba ni littafi a ranar da na cancanci bulala, na gode.